Tsiren Japan na Baba Sabi'u

Mahaifina, Sabi'u mai tsire, taurin kai ne ya kusa kashe shi, ba ciwo ba. Yana yaro iyayensa suka shigo da shi Makka ta Sudan. Shekara arba'in ya yi yana kafa tsire a unguwar Tandabawi, har Larabawa na layi a gabansa. Bara likita ya cire masa sauran haƙoran, muka ɗauko shi zuwa gidanmu a unguwar Shisha, shi kuwa ya ɗaure baki.

In na dama kunu, ya ce shi ba mai jego ba ne. In na yi farfesu, ya ture kwanon. Shayi kawai, sai dabino biyu. Wata uku, mutum ya koma kamar sanda a cikin jallabiya. Likita ya ce in bai ci ba, kwantar da shi za a yi. Ya ce a kwantar. Ka ji fa!

Nuf, matar ƙanena, ita ta nuna min a waya yadda mutanen Japan ke nasu tsiren: a niƙa cinyar kaza, a sa albasa, citta da ƙwai, a mulmula, a soke a tsinke, a gasa ana shafa miyar waken soya da sukari. Laushi kamar fanke. Na ce halas, shi ke nan, tsire yake so, tsire zai ci.

Bayan la'asar na hura gawayi a saman bene, na zaunar da shi. Da ya ga niƙaƙƙen nama sai ya taɓe baki.

"Sa'adatu, wannan ɗanwake ne ko me?"

Na haɗiye maganar. Amma ni 'yar mai tsire ce, ban taɓa ganin an kwantar da tsinke a kan wuta ba. Ban ma tsaya kallon ƙarshen bidiyon ba. Na kakkafa tsinkayen a tsaye, na kewaye wutar da su, yadda ya yi duk rayuwarsa. Ashe su a kwance suke gasa nasu. Da zafi ya taɓa su, sai ƙwallayen suka fara zamewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tim, cikin toka. Tsinke goma sha biyu, duka.

Dariya ya yi! Mutumin da ya yi wata uku bai yi murmushi ba. Nan raina ya ɓaci.

"Baba, yi dariyarka! Kaza uku na niƙa tun safe. Kana ganin daɗi nake ji ina kallonka kana ƙarewa? In mutuwa kake so, ka faɗa min in daina wahala!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Nuf, da ke tare da mu, ta sulale ta sauka daga benen. Can Baba ya miƙa hannu cikin tokar nan mai zafi, ko gezau, ya tsamo ɗaya da ta gasu, ya hure, ya kai baki. Ya daɗe yana murzawa da dasashi.

"Sukari a nama," in ji shi. "Allah ya shirye su. Miƙo min yaji."

Bakwai ya ci, da toka da komai. Ni kuwa na juya masa baya ina fifita wutar, don har lokacin haushinsa nake ji, kuma ban yarda ya ga ina kuka ba.