Sa'ida Mai Awon Rijiya

Sa'ida tana tsugune a bakin rijiya tana ɗauraye kan na'urarta, kamar yadda take yi kafin ta bari ta taɓa ruwan kowane gida. Ta yarfe, ta goge da ƙyalle, ta yi bisimilla. Aikinta ke nan: bin rijiyoyin da ofishinsu ya zaɓa a cikin birni don sa ido a kan ruwan ƙasa, tana auna gishirinsa da tsaminsa, tana ɗibarsa a kwalba. Maza abokan aikinta iyakarsu soro. Ita kuwa sallama ɗaya ke kai ta tsakar gida, inda rijiyoyin suke.

A Koki aka haife ta. Mahaifinta, Malam Audu, mai yasar rijiya ne, kuma ta taso tana ganinsa yana dawowa da laka har wuya, da sanyin ƙasa a tafin hannunsa. Da ta gama karatun kimiyya, sai ta koma kan ramukan da ya ƙare rayuwarsa a cikinsu, ita daga sama.

Rijiyar ranar ta gidan Hajiya 'Yardada ce a Soron Ɗinki, tsohuwar rijiya mai bakin dutse da igiya ta sassaƙe. Ruwanta jikan Hajiya, Mikail, yake sha tun da aka yaye shi, kuma tun lokacin cikinsa bai tsaya ba. Ya rame, ya daina ƙiriniya. Mahaifinsa Isyaku na zargin rijiyar, Hajiya na cewa haƙori ne.

Guga na fitowa Sa'ida ta tsaya. Ruwan da ta sani da ɗan duhu yau ya fito garau kamar hawaye, yana warin asibiti. Ta ɗaga kai ta dubi tsohuwar.

"Hajiya, me aka zuba wa rijiyar nan?"

Hajiya 'Yardada ta gyara mayafi, ta ce ba wani abu ba ne, ɗan alimun ne da hodar kulorin da ta aika aka sayo jiya. "Baƙuwa za ta zo duba ruwanka, ka bar shi haka? Ai ko tsakar gida sharewa ake yi."

"To kin yi wa rijiya kwalliya, Hajiya, saura lalle," in ji Sa'ida.

Matan gidan suka tuntsire. Sa'ida ta jira dariyar ta lafa, sannan ta yi mata bayani a hankali. Maganin ya kashe duk abin da ke cikin ruwan jiya, in ta auna shi yanzu awon zai ce lafiya lau, kuma nan da 'yan kwanaki ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa zai dawo da abin da ya saba kawowa, Mikail ya ci gaba da sha. Ruwan ƙasar take son aunawa, ba wanda aka gyara don baƙi ba.

Tana iya tattara kayanta ta ce sai wani watan. Maimakon haka ta naɗe hannun riga ta karɓi igiya. Hafsat, mahaifiyar yaron, ta kama mata, maƙwabta suka shigo da gugansu. Suka yi ta ja suna cika baho da tukwane, ana wanki da abin da ya samu, har rana ta take, har gindin rijiyar ya bayyana. Suka zauna a inuwa suna jiran sabon ruwa ya taru. Sai da warin ya ɓace, na'urar ta daina rawa ta tsaya a kan lamba guda, sannan Sa'ida ta cika wata 'yar kwalba mai magani a ciki. Ta ce in akwai ƙwayar cuta irin ta bayan gida, ruwan zai yi baƙi.

Da ta dawo bayan kwana biyu, ɗakin Hajiya ta wuce. Ta ajiye kwalbar a kan tabarma. Baƙa ce wuluk kamar tawadar allo.

Hajiya ta daɗe tana kallon kwalbar. Mikail na kwance a cinyarta, ta ɗora hannu a kan cikinsa. Ta tambaya ko cike rijiyar za a yi. Sa'ida ta ce a'a, ramin masai da ke bayan katanga ne ke yoyo cikin rijiyar, gyara yake so. Kafin nan a tafasa duk abin da zai shiga bakin yaro, kuma a kai shi asibiti yau, kada a bari sai gobe.

"Da kin auna na kwalliyar nan kin tafi, da ni na ci gaba da shayar da shi cuta da hannuna," in ji Hajiya. Muryarta ta yi ƙasa. "Allah ya jiƙan Malam Audu. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Ta ƙwala wa Hafsat kira ta ɗauko zanen goyo. Sa'ida ta amsa da amin, ta mayar da kwalbar jaka. Akwai wata rijiyar da ke jiranta wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Ta ɗaga labule, ta zura takalmanta, ta fita.