Ƙofar da ɗana ya bari rabi

Shekara takwas ke nan bana da rasuwar ɗana na fari. Ba zan faɗi sunanshi ba. Mu a Kurfai uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ban kira ba yana da rai, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen Filinge sun san shi da Mai Buroshi, wannan ya isa. Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, ɗiyar ƙanwata ce ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce mata ta aje magana yadda ta fito, kada ta yi mata kwalliya.

Aikinshi tayar da tsohon ƙarfe ne. Ƙofa, taga, gadon da anka kai amarya da shi har ya tsufa tare da ita, duk abin da tsatsa ta kama ana kawo mishi, shi kankare, shi shafa sabon fenti. Da farko da hannu yake yi, da tsohuwar wuƙa da guntun dutse da yashi, ƙofa guda ta ci mishi kwanaki, yatsunshi duk sun tsage. Wata shekara ya tafi Yamai ya dawo da injin huda ƙarfe, irin wanda ake riƙewa a hannu. Maimakon tsinken huda, sai ya ɗaura mishi buroshin waya a baki, zagayayye kamar ɗan marfin tukunya. In ya jona da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗora a jikin ƙofa, fenti shi tashi kamar dussa, tsatsa ta bi bayanshi, ƙarfe shi fito fari. A lokacin babu mai irinshi a unguwarmu. Manya ma kan tsaya su kalla.

Ni ba ƙarfen nake kallo ba. Ƙurar nake kallo. Ja ce, wani lokaci kore ko shuɗiya, ya danganta da fentin da anka taɓa shafa ma abin. Tana sauka a kan murhu, a kan shanya, a bakin randa. Shi kuwa tana cika mishi gashin ido da ƙofar hanci, in ya tofar da yawu sai ka ga launin ƙofar da ya yi aiki a kanta ranar. Ɗan fari ba a zama da shi a yi mishi faɗa ido da ido. Na kira matarshi Hadiza na ce, “Ki ce ma mijinki shi rufe hancinshi.” Ta je ta faɗa. Yana tsaye tsakar gida, ya juya ma ɗakina baya, ya ɗaga murya yadda zan ji: “A gaya ma Inna ƙarfe abinci ne. Mata masu ciki ma lokotoro na rubuta musu shi, ni kyauta nake samu.” Ya naɗe fuska da rawani kwana kaɗan, daga baya ya ce zafi, ya aje.

Yayata Gambi tana ƙauyenmu wajen Damana, ’yar bori ce tun ƙuruciya. Da ta zo ta ga injin tana daga nesa, ba ta matso ba. Ta ce ƙarfe yana da masu shi. Mu manoma ne, ba mu gaji ƙira ba, wanda bai gada ba kuwa ba ya taɓa ƙarfe sai ya je gidan maƙera ya nemi izini, sun ba shi abin da za su ba shi. Ya yi dariya ya ce, “Inna Gambi, ni ba na narka shi, ba na dukanshi. Wanka kawai nake yi mishi.” Ta ce, “Wa ya ce maka yana son wankan?” Bai je ba.

Ƙofar ɗakina ta ƙarfe ce, marigayi ubanshi ya saye ta shekarar da gero ya yi kyau. Fenti a kan fenti, har ta yi ɓawo kamar bayan itace. Bayan kaka ɗana ya cire ta, ya jingine a bango kusa da rumbu, ya rataya mini asabari a bakin ɗaki, ya ce ma Hadiza ta gaya mini kafin Juma’a zan ga fuskata a jikin ƙofa. Ya fara daga sama. Ya kai tsakiya tari ya tare shi, irin wanda ke sa mutum shi dafa bango. Ya kashe injin, ya naɗe waya, ya ce gobe. Tarin bai sake shi ba. Da bazara anka kai shi Yamai, anka ɗauki hoton ƙirji, lokotoro ya ce huhu ne. Gambi ta ce ƙarfe ne. Liman da ya zo gaisuwa ya ce kwana ne ya ƙare. Na ji su duka ukun, har yau ban zaɓi guda ba.

Ban yi kuka ba. Mata sunka ce kunyar ɗan fari ce, sunka yaba mini. To amma anka watse, na zauna ni kaɗai babu mai ganina, kukan bai zo ba. Kun san ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta, shi taɓa ta shi ji kamar ta wani ce. Haka nake tun ranar. Ina cin tuwo, ina salla, ina faɗa da jikoki in sun ɓata ruwa, amma can ciki shiru.

Ƙofa ta zauna inda ya jingine ta. Gambi ta ce kada wani mai jininmu shi taɓa ta, aikin da ƙarfe ya tsayar sai ɗan gidan maƙera ke ƙarasa shi. Ban yi mata gardama ba, domin ni ma ba na son a taɓa. Rabin sama da ya kankare yana da zane, zagaye a kan zagaye, duk inda buroshin ya bi. Inda ya danna da ƙarfi ya fi zurfi, inda hannunshi ya fara gajiya wajen tsakiya zanen ya karkace. Ba ni da hotonshi, ba zan kuwa rataya ba ko da akwai. Wannan zanen nake kallo in ina tankaɗe. Damina ta farko ƙarfen ya yi ja-ja. Ta biyu ya yi duhu. Kowace shekara zagayen na ƙara nutsewa, har ya zama sai rana ta karkata nake iya gane kaɗan. Hadiza ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Sanam, Allah shi ba ta zaman lafiya. Injin yana cikin buhu, ɓera ya cinye wayar.

In da ɗana zai tashi yau shi bi bakin hanya, ban san mi zai ce ba. Abin da mutane ke tsayawa kallo a hannunshi, yanzu kowane atiliye, wato rumfar masu walda, na da shi, har da mai batir wanda ba ya jiran kuran. Aikin ma ya yi yawa, ta hanyar da ba wanda ya roƙa. Mutanen ƙauyukan da zama ya gagara sun shigo gari, kuma na lura da abu guda: mutum shi bar ɗaki, shi bar rumbu, amma shi cire ƙofarshi ta ƙarfe shi aza a amalanken jaki, a kanta a ɗora tabarmi da tukwane da tsohuwa. Wasu su kafa ta a bukkar zana da ba ta kai darajar ƙofar ba. Wasu su kai a kankare a shafa fenti su sayar su sayi hatsi. Da yana nan da bai huta ba. Zai yi murna da aikin, ko zai tsaya yana tambayar kowa sunan garinsu har rana ta faɗi bai kankare komai ba, wannan ne ban sani ba. Yana da surutu, ba irina ba ne.

Bara ruwa ya zo da iska, ya ɗage asabari, ya jiƙe mini gado da buhun wake. Bana da hadari ya fara haɗuwa, Sani, ƙanen Mai Buroshi, ya zo ya durƙusa a bakin ɗaki. Shi ba na jin kunyarshi, shi ma ba ya ɓoye mini magana. Ya ce, “Inna, gari ba kamar da ba ne, ba a kwana da asabari. Ƙofar ga ko a ƙarasa ta, ko in kira masu sayen tsohon ƙarfe in sayo miki wata. In munka ƙara damina guda, ko su ba za su karɓa ba.” Na san gaskiya ya faɗa. In na bari a ƙarasa, buroshi zai share ɗan abin da ya rage na hannun ɗana. In na hana, tsatsa ta share shi, ta haɗa da ƙofar. Na ce, “Kira ɗan maƙera.”

Hamidu ya zo da hantsi, jikan maƙeran unguwarmu, da injinshi mai batir a cikin jaka. Na ce, “Kai ne? Ba ubanka ke cewa injin ga wasan yara ne ba?” Ya ce, “Inna, Baba ma yanzu da shi yake wanke garma, sai dai a bayan ɗaki, kada a gani.” Ya ɗaura buroshi zai fara, ƙyallen rufe hanci na rataye a wuyanshi kamar laya. Na ce, “Ɗaga shi ka rufe, ko ka fita mini daga gida.” Ya ce, “Zafi, Inna.” Na ce, “Na taɓa jin wannan.” Ya rufe.

Na zauna a kan turmi na kalla. Ya fara daga sama, daga wajen ɗana. Ƙara irin wadda na sani, ƙura irin wadda na sani. Kafin ruwan zafi shi tafasa zanen ya tafi duka. Na saurari kaina in ji ko wani abu zai motsa. Ba abin da ya motsa.

Hamidu ya ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa ya ce lafiya lau yake, tsatsar a fata ta tsaya. Da ya sauko rabin ƙasa, inda tsohon fenti yake tun na ubansu, sai buroshin ya shige. Ɓawon ya faɗi, ƙarfen ya bi shi, rana ta fito ta cikin ramuka kamar rariya. Ya kashe injin ya sauke ƙyalle. Ya ce fentin ya tsattsage, ruwa na shiga bayanshi ba ya fita, shekara da shekaru yana ci ba a gani. Inda anka kankare kuwa, ruwa shi taɓa, rana ta busar. Ya ce, “In da Mai Buroshi ya kai ƙasa, da ba ta huje ba.” Shekara takwas ina tsoron rabin sama, ashe na ƙasa ke mutuwa.

Ya ɗauke ta zuwa atiliye, ya yanke ruɓaɓɓen, ya yi waldar sabon falle, ya shafa jan fentin nan da suke ce ma antiruyi, ya bi da shuɗi. Shi da Sani sunka kafa ta. Gambi ta aiko a gaya mini yanzu ƙarfe ya huce. Na ce a gaishe ta.

Ɗiyar ƙanwata ta tambaye ni abin da ya rage na ɗana, ta ce masu karatu za su so su ji. Ba ni da dogon bayani. Zanenshi ya tafi, ni na ba da izini. Sunanshi na aiki, in ban da irin su Hamidu, yaran yanzu ba su san shi ba. Abin da na iya aunawa shi ne, daga ƙirjina zuwa sama ƙarfen da ya taɓa ne, kuma ya riƙe. Daga nan zuwa ƙasa na wani ne. Akwai layin walda a tsakani, fenti bai ɓoye shi ba.

Maƙwabta na tambayata ko na ji sanyi a raina. Ban sani ba. Shekaranjiya ruwa ya zo da iska daga gabas, na tashi na tura ƙofa, ta rufu. Na zauna a bakin gado ina jin shi yana dukanta, bai shigo ba.

Allah shi jiƙanshi, shi jiƙan namu da naku.