Ado Mai Kwamfuta da Muryoyin Marken Sambo

Satin da Asibi ta fita daga takaba, ta ɗauki farantin dafaffiyar gyaɗa ta nufi bakin titin kasuwar Bebeji, don zaman gida ya ishe ta. Tana neman inuwar da za ta raɓa sai Ado Mai Kwamfuta ya leƙo daga shagonsa.

"Yaya Asibi, ya ƙarin haƙuri? Shigo daga ciki, akwai mai son gaisawa da ke."

Ta shiga da sallama, ba ta ga kowa ba sai tarkacen wayoyi da ƙarafa. Ya kaɗe mata benci da hularsa, ya danna wani abu, gilashin da ke kan tebur ya kawo haske. Sai ga marigayi Malam Habu, mijinta, zaune a kan buzunsa. Ya yi gyaran murya sau biyu, yadda ya saba kafin magana, ya ce, "Daga rijiyar Sambo in ka yi gabas, gonar gidan maƙera ce, da ɗorawa uku a tsakiyarta."

"Bari in je in sayo ƙusa," in ji Ado, ya fice. Shagon kuwa cike yake da ƙusoshi, gwangwani-gwangwani. Bai dawo ba sai da aka kira azahar, kuma da ya dawo bai dubi idonta ba.

An haifi Ado a Marken Sambo, ƙauyen da ruwa ya shafe lokacin da aka gina dam ɗin Tiga. Can ne mahaifar Malam Habu ma. Asibi 'yar Kiru ce, aure ya haɗa ta da mutanen, ba ta taɓa ganin garin ba sai a bakinsu. Ado yana da shekara tara aka tashe su, kuma kayan da aka ɗora masa a ka ranar rediyon babansa ne. 'Yan uwansa suka shiga kamun kifi da noman rani, shi ko ya ce ba zai ci abinci daga ruwan da ke kwance a kan kabarin kakarsa ba. Ya koyi gyaran rediyo, daga nan ya tafi Kano ya yi shekaru a wajen wani mai gyaran kwamfuta. Ya dawo da mata, Muhsina. Ba su samu haihuwa ba, kuma ta riga shi rasuwa da shekara goma sha ɗaya.

Sabuwar kwamfuta ba ta gabansa. Tasa ita ce wadda ofis ya jefar, ko wadda ɗa ya turo wa iyayensa tun zamanin da, ta zama wurin ajiye kwanuka. Yakan kwance ta a kan tabarma, ya jera ƙusoshinta a murfin kwano, ya share cikinta da gashin zabuwa. Asibi, da ta mai da ƙofar shagon wurin sana'arta, ta sha ganin ya ɓamɓaro gidan zanzaro daga cikin wata yana yi masa faɗa: "Kai ma ka samu gidan haya kyauta?" Ya canza wani ɗan batir mai kamar kwabo, ya ciro ƙwaƙwalwa daga wadda ta mutu ya ƙara wa mai sauran numfashi. In ta yi ɗan kukan nan nata ta tashi, sai ya ce alhamdulillahi a hankali, kamar ungozoma.

Da waya ta cika hannun kowa, masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Mujitaba, ɗan 'yar uwarsa, mai noman tumatir a bakin dam, ba ya wucewa bai tsokane shi ba.

"Kawu, har yanzu ana jinyar gawarwaki?"

"Ɗan nema, waccan ta girme ka, kuma ta fi ka riƙe karatu."

Waccan ɗin ita ce wadda yake kira Hajiya Babba, ba ta sayarwa ba ce. Shekara da shekaru yana hawa babur da 'yar kyamararsa, Kiru, Tudun Wada, har Doguwa, duk inda ya ji wani tsoho ko tsohuwar Marken Sambo ya yada zango. Tambayarsa ɗaya ce: "Baba, zaga da ni garin." Su kuma su zaga da shi, gida-gida, gona-gona, har maƙabarta da wanda ke kwance kusa da wa. Mutum arba'in da ɗaya ya ɗauka, ya zuba su a cikin Hajiya Babba. Yau biyu ne kawai ke raye. Mujitaba ya ce a tura a waya kowa ya samu, Ado ya ƙi. Ya ce amana aka ba shi, ba zai ga ranar da za a ɗora wa muryar iyayensa kiɗa ana dariya ba. Wanda ke son ji, ya zo ya cire takalmi ya zauna.

Kowace Juma'a bayan an sauko, in da wuta, yakan kunna wa Asibi Malam, ya tafi sayen ƙusa. Ita dai abin da ta sani, fuska daga gilashin take fitowa, murya kuma daga 'yan ramukan da ke gefensa. Akwai wani farin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, mai gurnani, mai ɗumi, kyanwar shagon na son kwanciya a kansa. Ta lura da shi sarai, har takan ɗora farantinta a kai. Ta ɗauka irin na'urar nan ce da ake haɗa wa firji saboda wuta.

Ado ya faɗi ran wata Talata da hantsi, da sukundireba a hannu. Hawan jini, in ji likita. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai wanda ya ba Ado hayar shagon ya nemi ɗakinsa. Mujitaba ya kira masu sayen gwangwan suka zo da kura da ma'auni. Lubabatu, uwar Mujitaba, ta riƙo hannun Asibi tana kuka.

"Yaya, ke ce ta ƙofar nan. Ɗauki abin da kike so kafin su kwashe."

"Hajiya Babba kawai nake so."

Ta nuna gilashin. Mujitaba ya zare wayoyin da ke bayansa, ya ɗora mata a ka, yana cewa, "Baba, wannan ai sai ya karya miki wuya." Tana fita ta ga wani ya jawo farin akwatin daga ƙarƙashin tebur, ya kori kyanwar, ya jefa shi a kan ma'auni. Har matsawa ta yi ta ba shi hanya.

A gida ta naɗe gilashin da rigar Malam ta sallah, ta ɗora a kan gadonta na ƙarfe, ta koma kwana a tabarma. Ba ta iya kunnawa ba, amma hankalinta a kwance yake. Mutum arba'in da ɗaya suna ɗakinta.

Da sadakar arba'in ta matso, 'ya'yan mutanen Marken Sambo suka ce a kunna musu iyayensu ranar. Asibi ta ɗauki kayanta ta kai wa Rufaida, wata malama mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Rufaida ta kwance rigar, ta juya gilashin, ta duba bayansa.

"Baba, ina akwatin?"

"Wane akwati, 'yar nan?"

"Wanda ake haɗa shi da shi. Fari ko baƙi, mai tsayi haka."

"Na wutar? Ai masu gwangwan sun tafi da shi."

Rufaida ta ajiye gilashin a hankali. Sannan ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabanta.

"Baba, wannan taga ce kawai. Ɗakin shi ne wancan akwatin. Komai yana can."

Washegari da sassafe Mujitaba ya goya ta a babur zuwa Kwanar Dangora, inda masu gwangwan ke tara kaya. Bai yi tsokana ko ɗaya a hanya ba. Mai filin, wani dattijo Hamman, ya saurare ta har ƙarshe, ya cire hularsa ya mayar.

"Hajiya, da ma kin zo sati uku da suka wuce. Irin waɗannan ba ma ajiye su. Guduma ake sa musu, a ware jan ƙarfe daban, koren allo daban. Mota biyu ta tashi tun lokacin."

Duk da haka ya bar ta ta duba. Ta yini tana ɗaga murafen fararen akwatuna, duk kamarsu ɗaya, duk cikinsu wayam. A jikin wani ta ga zoben tsatsa daidai gindin farantinta. Ta zauna a ƙasa ta rungume shi tana innalillahi, Mujitaba ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Ran sadakar arba'in aka yi addu'a aka watse, ba a kunna komai ba. Babu wanda ya ɗora mata laifi, wannan kuwa ya fi mata zagi ciwo.

Yanzu duk Juma'a Rufaida kan zo da littafi da biro. Asibi ta rufe ido ta fara: daga rijiyar Sambo in ka yi gabas. Zagayen Malam ta haddace shi tsaf, har inda yake tsayawa ya sha ruwa. Amma Malam unguwarsu kawai ya zaga. Sauran arba'in ɗin ba ta taɓa zama ta ji su ba, nata kawai take zuwa ji. Tsofaffin biyu da suka rage, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ta gane kowa.

Gilashin yana nan a kan gado cikin rigar Malam. In ta idar da salla ta yi wa Ado addu'a, takan tuna wata Juma'a da ya dawo daga sayen ƙusarsa, ya tsaya a bakin tebur yana haki, ya dafa Hajiya Babba. Ta yi ta ƙoƙarin tuna inda ya ɗora hannun, sama ko ƙasa, ta kasa. Maganar ce dai ba ta manta ba.

"Yaya Asibi, in Allah ya sa na riga ki, ga mutanenmu nan. Ruwa ya ci su sau ɗaya. Don Allah kar ki bari a sake."