Jan Fenti a Wurin Alwala

A gidanmu na Kashin Zama akwai wuri ɗaya da sabulu ba ya zuwa. Wurin alwala ne, can kusa da ƙofar baya wadda amalanken shanu ke shiga. Tun shekarar da aka kawo ni gidan na haƙa 'yar hanyar ruwa daga nan zuwa gindin katanga, inda nake da fangali guda da nake yafa irin albasa. Duk wanda ya yi alwala a gidan ya shayar mini da iri, ko ya sani ko bai sani ba. Wanki da wanke-wanke suna da nasu wurin, ruwansu waje yake fita. Duk ɗan da na haifa ya san wannan tun kafin ya san hanyar masallaci, kuma babu wanda bai sha ranƙwashi a kai ba.

Irin ba na kasuwa ba ne. Daga Mungadi na zo da shi, mahaifiyata ta ƙulle mini shi a tsumma. Albasa ce mai ƙaramin wuya, ba ta cika girma ba, amma sai ta kai tsakiyar damina a ajiye ba ta yi laushi ba. Kowace shekara nakan ware masu kyau in mayar ƙasa, su yi fure, in sami sabon iri. A shekarar da nake ba da labari rufin rudun da muke ajiye albasa ya yi yoyo, waɗanda na ware suka ruɓe tas. Abin da ya rage mini a duniya shi ne baƙin irin da ke cikin 'yar kwalba, shi kuwa irin albasa ba ya jiran shekara biyu. Da ruwa ya fara janyewa na yafa shi duka. Ya fito, siri-siri kamar tsinken tsintsiya, kwana ashirin da wani abu. A lokacin ne babban ɗana ya zo da mota.

Ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Ba na yi masa magana kai tsaye in da hali. In ina son abu a wurinsa sai in faɗa wa ƙaninsa, wanda ke noma mana fadama, shi ya isar. Babban yana aiki a Birnin Kebbi, yana da mata da 'ya'ya uku, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ya zo ne don ɗaurin auren wani abokinsa a Maiyama, kuma yana so motarsa ta fi ta kowa a jerin motocin ango. A hanya ya tsaya a Jega ya sayo kayan aiki cike da leda.

Da safe, bayan ƙanin ya tafi fadama, sai na ji an buɗe ƙofar baya. Ya shigo da motar a hankali, ya wuce turken awaki, ya ɗora ta daidai kan wurin alwala. Na gane dalilinsa. Nan ne kaɗai ke da siminti a tsakar gidan, ko'ina ƙasa ce mai laushin damina, jak ɗin ɗaga mota zai nutse. Kuma shi da kansa ya sa aka yi simintin bara waccan, wai kada in zame. Ina zaune a ƙofar ɗakina da faifan wake ina tsinta, ina kallo ta ƙasan ido.

Ya ɗaga motar, ya kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya sami bulo uku ya tallafe ta, na huɗu ya rasa. Ya waiga, ya waiga, sai ya mirgino turmina ya kwantar, ya cusa a ƙarƙashi. Turmin da nake daka fura! Notocin da ya kwance kuwa ya zuba su a kwanon shan ruwana. Na yi gyaran murya.

"Sannu, Inna," ya ce, bai ko ɗago ba.

Na dubi wata kaza da ke tsince waken da na zubar, na ce mata, "Ko mi motag ga tay yi anka tuɓe mata takalma?"

Ya yi dariya. "Lafiyarta lau, Inna. Kwalliya za ni yi mata."

Ya nuna mini wani dunƙulen ƙarfe da ke rungume da faifan birki, baƙi ƙirin da datti. Wai shi ke damƙe faifan in an taka birki, kuma shi zai yi wa jan fenti.

Na sake tambayar kazar. "Birkin ba ya kamawa?"

"Yana kamawa."

"In an shafa mai ja, ƙara kamawa shika yi?"

"A'a. Kyau dai."

"To wa ka ganin abin da ke bayan taya?"

"Ana hango shi ta tsakanin wili, ƙarfen tayar, Inna. Haka ake yayi yanzu."

Mutum mai 'ya'ya uku ya durƙusa yana yi wa ƙarfe lalle. Ya jingina wayarsa a jikin butata, wani mutum a ciki yana ta zuba da Turanci, shi kuma yana bi. Ya zuba fetur a gwangwani, ya dinga tsoma buroshi yana goge ƙarfen, baƙin ruwa yana ɗiga a kan siminti. Ya bi da sanfefa, takardar nan mai kaushi. Ya naɗe ko'ina da tsohuwar jarida, ya girgiza gwangwanin fenti yana ƙaras-ƙaras, ya fesa. Ya jira ya bushe, ya sake. Sau uku kowace ƙafa. Warin ya kori awaki zuwa ƙarshen igiyarsu. Gaskiya zan faɗa, yana da haƙurin aiki, ko ɗigo bai bari ya taɓa faifan ba. Da ya taɓa ba gona rabin wannan haƙurin, da ban damu ba.

Rana ta take, ya juya kan tayoyin. Ya jera su huɗu a kan siminti, ya fito da wata farar jarka, ya fesa musu abin da ke ciki. Warinsa kamar ruwan batir, har ya sa ni tari. Kumfa ta taso, fara da farko, sannan ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, tana cin dattin da ya shekara a jikin ƙarfe. Ya tafi rijiya ya cika bokiti biyu.

A nan ne nawa laifin yake, kuma shi ya fi ci mini rai har gobe. Na ga bokitin. Na ga bakin hanyar ruwan a buɗe. Na san inda ruwan zai bi, ni na haƙa hanyar. Amma na zauna ina jiran ya tuna da kansa. Na ce a raina, wannan da na taɓa tsula wa tsumagiya yana ɗan shekara shida don ya yar da guntun sabulu a wurin, ai ba zai manta ba. Yanzu zai toshe. Yanzu zai mirgina tayoyin waje. Ƙaninsa ba ya nan balle in aika shi, ni kuma bakina ya yi nauyi, nauyin shekara arba'in.

Ya ɗaga bokiti ya sheƙa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Faifan wake ya kife. Na kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har maƙwabciya ta ji ta bayan katanga, daga baya ta ce ta ɗauka mutuwa aka yi. Ya daskare da bokiti na biyu a hannu, yana dubana kamar bai san ni ba.

Ruwan ya riga ni. Ya kwashi kumfar, ya kwashi fetur ɗin da ya kwanta tun safe, ya kwashi baƙin dattin birki, ya miƙe hanya kamar an aike shi. Na cire ɗankwalina na cusa a bakin hanyar, na taka da ƙafa. Na ruga fangalin na sa hannu biyu na tara laka a tsakiya, na datse. Amma kashi biyu cikin uku sun riga sun sha. Ruwan ya kwanta a kansu yana ƙyalli kala-kala.

Ya biyo ni, ya tsaya a baya. Abin da ya faɗa kuwa, da ya yi shiru da ya fi masa.

"Inna, ki yi haƙuri. Iri ne fa. Gobe in na dawo ta Jega sai in sayo miki na gwangwani, wanda ya fi wannan girma."

Na juyo na dube shi ido cikin ido, abin da ban saba ba.

"Na gwangwani? Uwata na gwangwani tab ba ni? Da mi anka saya maka littafi da takalmin makaranta, in ba da wagga albasa ba? Kai da kam manta inda ruwan alwala ka zuwa cikin gidan ubanka, kai za ka gaya man iri?"

Na wuce shi, na ɗauki kwanon shan ruwana, na juye notocin duka a gefen zanena na ƙulle tam.

"Inna, gobe ne ɗaurin auren."

"Na ji."

"Ba ta tafiya in babu su."

"Na sani. Ɗauko fartanya."

Na sa shi ya kwashe ƙasar da ta sha gubar, ya zuba a buhu, ya fitar bayan gari. Na sa shi ya kankare hanyar ruwan tun daga siminti har katanga. Waɗanda ruwan ya taɓa amma ba su kwanta ba, na ciro su da ƙasarsu na ɗauraye saiwar a ruwa mai kyau, na dasa a tsohuwar tasa. Shi kuma yana jan guga yana kawowa, bokiti bayan bokiti, har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Hannun ofis. Ban ce masa sannu ba.

La'asar sakaliya ƙanin ya dawo daga fadama a kan babur. Ya tsaya yana kallon motar a kan bulo da turmi, ƙafafunta jajaye, ba taya ko ɗaya.

"Yaya, ashe amaryar nan gida take? Ga lalle an sha, sai dai ba ƙafar zuwa ɗakin miji."

"Ka rufe mini baki."

"Wallahi ta yi kyau. A bar ta nan kaji su riƙa kwana ciki."

Sai idonsa ya kai kan fangalin, dariyar ta ɗauke. Shi ya san abin da ke wurin, shi ke dasa shi kowace shekara. Ya ajiye babur ya karɓi guga daga hannun wansa.

Washegari babban ya aiko ƙanin ya roƙe ni notocin. Na ce a gaya masa sai na ga abin da ya rayu. A ce masa kuma in ya je ya sayo wasu a Aliero ya ɗaura, to ya fita da motar, amma kada ya sake shigo mini gida. Bai saya ba. Ya saka babbar rigarsa mai aiki, ya hau bayan babur ɗin ƙaninsa, suka tafi Maiyama. An ce abokansa sun yi ta tambayar ina motar da ya cika su da labarinta. Ban tambayi amsar da ya ba su ba.

Kwana uku motar tana zaune a tsakar gidana. Muka koma yin alwala a gindin zogale. Na aro turmi a maƙwabta. Kowace safiya kafin rana ta fito ina durƙushe a bakin fangali. Na cikin tasa suka fara rawaya daga sama, suka lanƙwashe, suka narke, ko ɗaya bai tsira ba. Na bayan lakar da na datse ma layin farko ya bi su. A rana ta uku abin da ya tsaya kore a miƙe bai fi taki biyu na hannu ba, can a kusurwar katanga.

Na kwance gefen zanena, na zuba notocin a ƙasa kusa da motar, na koma ɗaki. Ina ji babban yana ɗaurawa. Ya ciro turmina ya wanke da toka sau biyu, ya kawo ƙofar ɗaki ya ajiye. Akwai tabon ja a gindinsa wanda bai fita ba, yana nan har yanzu. Ya durƙusa daga waje ya ce zai tafi. Na ce wa labule Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ya tsira, da aka dasa a fadama, layi ɗaya ya yi da ɗan guntu. Shekarar nan ba mu ci ko ɗaya ba, ba mu kai ko ɗaya kasuwa ba, miya ma da albasar saye na yi ta. Da aka cire, na ajiye su a ɗakina, ƙarƙashin gadona, ina juya su duk bayan kwana biyu. Na mayar da su ƙasa, suka yi fure. Da na sheƙe irin bai cika kwalbar ba, amma ya wuce rabi. Na raba biyu, na aika wa 'yar ƙanwata a Mungadi da kashi ɗaya, na ce ta yafa nesa da duk inda mota za ta iya zuwa.

Yana zuwa gida duk wata. Motar a waje take tsayawa, gindin dalbejiya, ƙofar baya kuwa na sa an yi mata sakata ta ciki. Da daminar bana na fita unguwa na bi ta gefenta, na ɗan duƙa na leƙa ta tsakanin wilin. Laka ce kawai, irin ta hanyarmu, ta rufe jan gaba ɗaya.