Jirgin da Ya Tafi da Zanen Iya

Mu a gidanmu ba don sanyi ake hura wutar tatsuniya ba, don kifi ake hura ta. In damina ta yi nisa, kogin Haɗeja ya cika ya malale fadama, ƙauyukan bayan gari sai su koma tsibirai, kowane tudu da 'yan bukkokinsa, ruwa ya kewaye shi. Lokacin ne kakata Iya Gaji take banda. Bayan magariba takan zauna gaban murhu tana juya tarwaɗa a kan raga, hayaƙi na kore mana sauro, mu jikoki mun zagaye ta, rabi don labari, rabi don kan kifin da ya ƙone.

"Maigida, matso," takan ce da ni. "Tunda ba ka kawo cefane ba, iza mini wuta."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda ba ta gajiya da ita. Wai wata yarinya ce da yayanta, su kaɗai suka rage wa juna a kan wani tudu. Shi yayan ya gaji da tura kwale-kwale da doguwar sanda. Ran nan ya ga iska ta cika zanen ƙanwarsa a kan igiyar shanya, ya yi tulu kamar cikin mai ƙoshi. Sai ya roƙe ta zanen, ya kafa gwangwala a tsakiyar jirgi, ya ɗaure shi sama da ƙasa. Iskar damina ta ɗauke shi ta yi gabas da shi. Yana nisa yana ɗaga murya: "Ki dafa da ni, da iska ta juyo zan dawo!"

Daga nan sai tsibirai. A na farko ya tarar da makiyaya ruwa ya tsare su, ya tsaya ƙetarar musu da maruƙa. A na gaba wata tsohuwa ce jinkar ɗakinta ta faɗi. A wani kuma tsuntsayen jan-baki ne ke cinye wa mutane shinkafa, ya tsaya taya su kora. Da iska ta juyo, zanen ne ya yage, yana yawon neman allura. Kullum da sabon tsibiri, kullum da abin da ya riƙe shi.

Yayata Hajara, wadda bakinta ba ya da linzami, ta taɓa cewa, "Iya, wannan mutum ba ya jin kunya? Tuwon ai ya daɗe da hucewa."

"Ke, kama bakinki," in ji Iya. "Ba ya iya wuce mutum cikin wahala ne. Haka aka halicce shi."

Ta faɗa da zafi, ta bar kifi ya ƙone. Washegari mahaifiyarmu ta ja mu gefe ta gaya mana cewa Iya ce yarinyar nan ta cikin tatsuniyar, saurayin kuma yayanta Bukar. Ya tafi tun tana budurwa, wasu suka ce an gan shi wajen Gashuwa, wasu suka ce ya kai Tabkin Cadi. Ko saƙon baki bai taɓa aikowa ba. Dangi sun yi sun yi a yi masa sadaka kamar mamaci, Iya ta ƙi. Ba ta yarda ya mutu ba, ba ta kuma yarda ya manta da ita ba, tsakanin waɗannan biyun ta tsufa.

Bayan shekaru, ina koyarwa a Malam Madori aka aiko cewa Iya na nemana. Idonta ya yi rauni, ƙafa ma sai a hankali. Ta ce in kai ta tudun da aka haife ta, can wajen Baturiya. Na samo mai kwale-kwale muka ɗora ta a kan tabarma. Tudun na nan, ba kowa a kansa. Ba ta ko nemi sauka ba, sai ta ce a juya da ita mashigar gabas.

Babu mashiga. Kacala ta cinye ta, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, ta tsaya kamar katanga.

"Wannan abu ya kashe mu, Iya," in ji mai jirgin. "Ba kifi, ba noma, ba hanya."

Ta miƙa hannu ta shafa ganyen. "Tun yaushe?"

"Tun ina yaro take ci."

"Har can gabas?"

"Har inda ido ya ƙare."

Sai na ga fuskarta ta saki, irin sakin da ban taɓa gani ba. Ta kamo hannuna. "Maigida, ka gani ko? To ta ina zai bi?"

Na san motocin Gashuwa na shigowa tashar Haɗeja kullum. Wanda ya taso da safe, da shi za a yi azahar. Mai jirgin ma ya sani. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, sai ya ce, "Gaskiyarki, Iya. Babu ta inda zai bi."

Da rani ta rasu. Muna yara mun ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai gudun wahalar tuƙi. Sai a jirgin nan na gane uzuri take ƙera wa yayanta, tsibiri bayan tsibiri, don kada zuciyarta ta kama shi da laifi. Ni dai na kama shi, har yau ina jin haushin mutumin da ban taɓa gani ba. In na ji masunta na tsine wa kacala ina taya su, amma ba da zuciya ɗaya ba. Albarkacin ciyawar nan Iya ta mutu tana ganin Bukar na can bayan ciyawa, yana neman hanyar zuwa wurinta.