Shekarar da Kawu Pande Ya Daina Jin Ƙanshi

Kawu Pande, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa yin wata sana'a ba sai noman inabi. Gonarsa tana gangaren tudun da ke bayan ƙauyenmu, kusa da garin Kavadarci, kuma iri uku ne a cikinta. Vranets, baƙi mai kauri, shi ya fi yawa. Sai Kratoshiya a tsakiya. Can sama cikin duwatsu akwai tsofaffin kurangun Stanushina da kakanmu ya dasa, masu ƙananan 'ya'ya. Kawu yakan matse kowanne daban ya zuba a gangarsa, sai Disamba ya haɗa su su zama jar giya ɗaya. Ba ya rubuta komai, da hanci yake aunawa.

Matarsa, Inna Todorka, ta yi shekara arba'in da ɗaya tana tsinkar inabi da wankin kwalabe, amma ba ta taɓa sa baki a haɗin ba. Ɗakin ƙasa nasa ne, kicin nata.

A Fabrairun shekarar da nake ba da labari, ranar Waliyyi Trifun, ya fita datse rassa, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. Mura ta kwantar da shi mako uku. Da ya tashi ya koma gona kamar kullum, bai faɗa wa kowa cewa hancinsa bai tashi tare da shi ba.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. A ƙarshen Afrilu sanyi ya dawo ya ƙone tohon da ke ƙasan gangare, Vranets ya ragu sosai. A Yuni kuranga ta yi fure. Kullum lokacin nan yakan tsaya a bakin gona ya ja numfashi ya ce, "Kun ji? Gona ta yi wanka." A bana bai ce komai ba, ni kuma na ɗauka asarar toho ce take damunsa.

Asirin ya tonu a Yuli. Na zo hutu daga makarantar da nake koyarwa, muna shanya da Inna a bayan gida, sai muka ji ƙauri. Muka ruga. Kaskon wake ya ƙone ƙurmus, hayaƙi na fita ta taga, Kawu kuwa yana zaune a bakin ƙofar kicin yana wasa almakashi.

"Tsoho, kana zaune abinci ya ƙone a bayanka?" in ji Inna.

"Aiki nake yi."

"Da hanci kake wasa almakashin?"

Ta tsinko ganyen na'ana'a a gindin famfo, ta murza, ta kai masa fuska.

"Rufe ido. Mene ne wannan?"

Ya shinshina, ya sake shinshinawa. "Albasa," ya ce.

Ta zauna kusa da shi a kan benci. "Tun yaushe?"

"Tun murar nan."

"Wata biyar! Ni ina ta zuba maka kayan ƙanshi a miya, ashe da ruwan zafi na ba ka ma duk ɗaya ne."

Likita a gari ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma a'a. Kawu ya roƙe mu kada mu faɗa wa maƙwabcinsa Mitre, wanda suka shekara hamsin suna zolayar juna kan giyar wa ta fi.

Agusta ta yi zafi, ba ɗigon ruwa. Inabin ya yi ƙanana amma ya yi zaƙi, kuma zaƙi kam harshensa yana ganewa. Muka tsinke Vranets a tsakiyar Satumba, Stanushina sai Oktoba, lokacin da Inna take gasa tattasai unguwa duk ta ɗauki ƙanshi. Ya matse, ya zuba a ganguna, ya yi duk abin da hannu ya saba. Sai dai ya rage magana.

Ranar haɗi, da hantsi, ya sauka ɗakin ƙasa shi kaɗai. Bayan kamar awa ɗaya muka ji muryarsa daga ƙasa.

"Tsohuwa! Kina da aiki?"

"Kullum ina da aiki."

"To ajiye shi."

Ta goge hannu a zanin girki, ta kama kafaɗata saboda gwiwoyinta, muka sauka. Ya jera kofuna uku a kan ganga. Ta ɗauki na farko ta shinshina.

"Wannan Vranets ɗin naka ya cika nauyi bana. Kamar busasshen 'ya'yan itace da aka daɗe ana dafawa."

"Zafin Agusta ne," ya ce. "Na biyun fa?"

"Lafiyarsa ƙalau, ba ruwansa da kowa." Ta ɗauki na uku, ta daɗe a kansa. "Wannan kuwa ƙanshin ciyawar tudu yake yi bayan ruwa. Nawa kake sawa?"

"Moɗa ɗaya cikin goma."

"Sa uku."

"Uku! Babana bai taɓa wuce ɗaya ba."

"Babanka yana da hanci. Kai ka kira ni ko ni na zo da kaina?"

Suka yi ta ja har azahar. Yana haɗawa a tulu, tana shinshinawa tana kurɓa, shi kuma yana ɗanɗana tsami da ɗaci, waɗanda har yanzu yake ji. Suka tsaya a biyu da rabi.

Ranar Kirsimeti, wadda a wurinmu ake yi bakwai ga Janairu, Mitre ya shigo da cuku a hannu, aka zuba masa. Ya kurɓa, ya juya kofin, ya sake kurɓa.

"Pande, tsufa ya fara koya maka hankali. Wannan ba ta shaƙe mutum kamar ta bara."

Na ga Kawu ya kalli tebur. Sai ya ce, "Ba ni na haɗa ba. Ni tun bara ba na jin ƙanshin komai. Ga mai haɗin can tana yanka burodi."

Mitre ya ajiye kofin. "Shi ne ba ka faɗa mini ba, ɗan banza? Shekara guda ina yin wanka kafin in zo gidanka a banza!"

Yanzu Kawu yana da shekara saba'in da huɗu. Hancin ya dawo kaɗan, yana jin gahawa da man tarakta, shi ke nan. Inna ce take haɗin. Abu ɗaya ta nema, a sa mata abin riƙewa a matakalar ɗakin ƙasa. A makon da ta nema ya sassaƙa shi da itacen goro na bayan gida, ya goge shi sumul don kada sartse ya shige ta.