Itacen da Ban Janye Ba

Da asubar ranar ni na kwashe tokar murhu. Inna, mahaifiyata, tana zaune a kan tabarma bakin madafi, ta miƙe ƙafafun nan nata da suka daina ɗaukarta. Ita ta gina murhun da hannunta lokacin da ta dawo gidanmu da zama. Laka ce da kashin jaki, baki ɗaya na itace, gurbin tukunya biyu. Ko tsagewar da ba ta wuce zare ba ta gani, sai ta sa na kwaɓo mata laka ta yaɓe. Ni kuwa a wurinta, har na haifi biyu ban iya wuta ba.

Dokarta ɗaya ce. Duk wadda za ta tashi daga gaban murhu, ko randa za ta je, ta janye itace ta turmuza bakinsa cikin toka. Wuta tana cin itace ne tana biyo jikinsa zuwa waje. "Janye iccenki, Kulu," take cewa, "wuta ba ta san mai ita ba." Nakan ce mata ita da murhun nan kamar tare aka haife su. Sai ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Maigidana, Baban Luba, ya tafi fadama ban ruwan albasa tun kafin rana ta fito. Bai faskara mana itace ba. Na sa guntayen itace biyu, na jawo wani dogon reshen sabara na tura kansa a murhu, gindinsa kuma yana can waje, ya kusa taɓa tarin karan da muka jingina da bango. Na ɗora ruwan koko. Luba, 'yata mai shekara huɗu, tana korar kaji. Aminu, ƙaninta, yana goye a bayana.

Ƙarfe takwas saura kaɗan na ji babura. Ƙauyenmu tafiyar awa biyu ne da ƙafa daga Kajiji, kuma mun san kukan babur ɗin kowa. Waɗannan suna da yawa, daga wajen daji suka fito. Sai harbi, uku a jere, sannan babu ƙaƙƙautawa. Kare ya yi ƙara ya yi shiru. Daga wajen masallaci wata murya ta ce, "Ku hito! Wanda yag gudu mu halbe shi!"

Na yi ƙoƙarin ɗaga Inna. Goyo a baya, Luba a hannu, na san ba zan kai ko ƙofar gida da ita ba. Ita ma ta sani. Ta nuna tarin kara da haɓa. Na ja ta a ƙasa har jikin bango, na cusa ta bayan karan, na ƙara dami biyu na rufe. Ba a ganin ko ɗan yatsanta. Daga ciki ta ce, "Tahi da ɗiyan ga. Kak ki waiwayo."

Na keta danga ta baya. Muka bi cikin gonakin gero da aka girbe, kututturen kara yana yankar ƙafa. Takalmina ɗaya ya fita, ban tsaya ba. Akwai mata a gabana da bayana, babu mai kiran wata. Muka faɗa kwazazzabon da ke yamma da gari, muka kwanta jikin gaɓa. Na toshe bakin Aminu da nono.

A nan na tuna da reshen sabara.

Ban janye shi ba. Kansa yana cikin wuta, gindinsa yana bakin kara, Inna tana cikin karan. Na yi lissafi kamar mahaukaciya. Busasshen reshe mai tsawon nan, kafin rana ta yi zafi wuta ta kai gindinsa. Na yunƙura zan tashi. Hajo maƙwabciyata ta danne ni da gwiwa, ta nuna mini Luba. Ban taɓa tsanar kaina kamar a wannan sa'ar ba.

Na leƙa ta saman gaɓa. Gidanmu yana gindin tsamiya, ba ya ɓacewa. Ƙarfe tara hayaƙi ya tashi wajen kasuwa. Ƙarfe goma ya tashi wuri biyu a gabas. Ana kora shanu, muna jin kukansu yana nisa. Idona bai bar tsamiyar nan ba. Rana ta zo tsaka, ta karkata. Babu hayaƙi a gidanmu, ko siriri. Na ce reshen ya mutu da kansa. Na yi hamdala har da hawaye.

Bayan azahar babura suka tashi, ƙararsu ta koma daji. Ba mu motsa ba sai la'asar, da maza suka fara fitowa daga fadama. Baban Luba yana cikinsu, laka har ƙirji. Na miƙa masa yaran na ruga.

Ƙofar gida a karye take. An kwance awaki, an fasa rumbu. Tarin kara yana nan, bai ƙone ba. Amma an ture dami biyu, kuma akwai sawun jan jiki a ƙasa, daga bango zuwa madafi.

Inna tana kwance a gaban murhu, fuskarta wajen ƙofa. Harbi ɗaya ne. An janye reshen sabara, saura kamu uku wuta ta kai kara. An turmuza bakinsa cikin toka, an kuma danna shi da kyau. Sauran itace biyu suna jere a gefensa. Har tukunyar koko an sauke, an rufe da faifai. Duk ƙauyen babu mai jera itace haka sai ita.

Mutum tara aka binne kafin magariba. Da safe muka taka zuwa Kajiji, muka sami mota zuwa Bodinga, wurin yayana. Abin da muka fito da shi tabarma ce, da tukunyar nan, da yara biyu.

Yanzu a kan duwatsu uku nake girki, a bayan ɗakin da aka ba mu. Matar yayana ta ce in gina irin na Inna, tunda na ga yadda ake yi. Na kwaɓa lakar sau biyu, ta bushe ban taɓa ta ba.

Jiya na tashi zan ɗebo ruwa, Luba tana zaune gefen wuta. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Janye iccenki."

Na riga na janye.